Buhun geron da Kaka ta aiko ba suna

A gidanmu na unguwar Maourey a Yamai, in aka ce an aiko mana saƙo daga Damagaram, ba mai yin murna sai ya ga abin ya shigo zaure. Mun sha wuya ne. An taɓa aiko mana kilishi ta hannun wani kamfanin jigila mai biro, wato ofis, da tambari da komai. Baba ya je karɓa, aka ce mai makullin ɗakin kaya ya tafi jana'iza. Ya koma, aka ce mutumin ya dawo amma ya manto makullin a can. Ranar da kilishin nan ya fito, ya tsufa har ya yi furfura. Inna ta ce a zubar. Ni na ce abin da ya sha irin wannan tafiya ba a wulaƙanta shi, na ci, na kwana biyu ina zarya tsakanin ɗaki da bayan gida.

Daga nan muka koma wa direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, kamar kowa. Ƙanen Baba da ke can gida, Baffa, shi ne mai ɗaure kaya. Yakan rubuta sunan Baba da unguwarmu a jikin buhu da manyan baƙaƙe, waɗanda makaho ma zai karanta daga nesa, ya danƙa wa direba hannu da hannu. Wani sa'in kayan su zo da wuri, wani sa'in su biya ta Agadas su gaida mutane tukuna, amma dai suna zuwa.

Bara ne abin ya zo da sabon salo. Shekara ce da sama ta yi rowa. Damina ta leƙo, ta ga fuskokinmu, ta koma. Isa, kogin Yamai, ya janye har muna buga ƙwallo a inda jiragen masunta ke wucewa a da, kuma na rantse na ga wani kifi yana tambayar hanyar pampo. Gero a kasuwa ya zama kamar minista, kowa na jin labarinsa, ba mai ganinsa. Abin da ake samu sai jar dawar taimako, wadda ake bin layi a karɓa, soja na tsaye yana gyara layin da ido. Tuwonta in ya kwana, ka jefi kare da loma ɗaya, sai ya kai ka ƙara. Muna ci dai muna hamdala. Baba ma'aikacin gwamnati ne, ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma mun san akwai waɗanda suka kwana.

Cikin wannan hali Inna ta haihu, ƴa mace, ƴar mitsitsiya mai murya kamar ta mutum goma. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya ƴar Tawa, ita ta ɗauki wankan jego. Safe da yamma tana tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, tana yi wa Inna faɗa, tana yi mini faɗa, tana yi wa itacen da ya ƙi kamawa faɗa. Da aka zo kunun kanwa, wanda mai jego ke sha don nono ya kawo, Hajiya ta dama da jar dawa tunda ita ke akwai. Inna ta kurɓa, cikinta ya mayar. Aka sake, ya sake. Nono ya ƙi zuwa sai ɗan kaɗan, jaririya ta kama ta saki, ta kama ta saki, ta buɗe baki. Kukan nan har ladanin unguwa sai ya jira ta ja numfashi kafin ya kira salla.

Hajiya ta dubi Baba ta ce, "Ɗan nan, gero take so. Cikin mai jego bai san ana fari ba."

Baba ya zagaya kasuwanni a kan mobilet, ɗan babur ɗinsa, ya samo ɗan abin da bai cika ƙwarya ba, rabinsa yashi, sauran kuma ƙwari sun riga mu. Kafin a ce me, ya ƙare.

Sai ga wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan unguwarmu ta Damagaram, ya zo Yamai wani aiki, ya biyo yi mana barka. Yana shan ruwa ya ce, "Ai na ga tsohuwarka a tasha ranar da zan taso. Ta kawo muku buhu, da idona na ga tana ba wani mai kamiyon fatu. Gero ne, na ji tana faɗa."

Inna ta ɗago kai daga filo. Hajiya ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Baba kuwa ya ce, "Ina ƙanena yake?"

"Ya tafi cin rani Kano tun da gona ta ƙone."

"Ita kaɗai ta je tashar?"

"Ita kaɗai."

Baba ya ɗora hannu a ka ya ce, "To wa ya faɗi sunan?"

Ga inda gizo ke saƙa. Baba shi ne ɗan farin Kaka, kuma Kaka mutuniyar da ce ta gaske. Tun da ta haife shi, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Kunyar ɗan fari ke nan. In tana son ambatonsa sai ta ce "wancan", in ranta ya yi daɗi ta ce "mutumin Yamai". Inna kuma matar ɗan fari ce, ita ma "ƴar mutane" take ce mata. Ni ma ban tsira ba, don sunan mijinta marigayi aka sa mini, "Maigida" take kira na. Wato gida guda cike da mutane, ba wanda za ta iya faɗin sunansa. Unguwa kuwa, a wajen Kaka Yamai layi ɗaya ne, fadar shugaba a wannan bakin, ɗanta a wancan.

Baba ba ya iya barin biro ya tafi yawon tasha. A wannan zamani na soja, shugaban ƙasa da kansa yakan faɗo ma'aikata ba sallama, ya ga kujerar da ba kowa, ya tambayi mai ita. Ma'aikata har fitsari suke riƙewa. Saboda haka aka ce ni in bar lakwal in je nema. Karon farko ke nan a rayuwata da aka ba ni izinin abin da na saba yi ba izini.

Na isa tashar manyan motoci da hantsi. Ban ma sha wuyar tambaya ba, hanci ya kai ni. A shekarar nan dabbobi sun mutu da yawa, fatu ake ta kwasowa, kuma kamiyon fatu ba ya ɓuya. Na tsaya wajen mai shayi na ce ina neman direban da ya zo daga Damagaram da saƙon wata tsohuwa. Duk masu zaune a benci suka kwashe da dariya.

Mai shayi ya ce, "Kai ma ɗanta ne?"

"Jikanta ne."

"Madalla, an fara samun jikoki! Tsohuwar nan ta haifi rabin Yamai. Jiya har wani Bazabarme ya zo, ko sannu bai iya da Hausa ba, ya ce shi ne autanta."

Ashe tun da labari ya bazu cewa akwai buhun gero ba suna, ƴaƴan Kaka suke ta fitowa daga kowace kusurwa, har da wanda ya girme ta.

Direban yana kwance a inuwar ƙarƙashin motarsa, wani siriri mai jan baki saboda goro, ya yi matashin kai da buhun. Na durƙusa na yi sallama.

"Kawu, na zo karɓar saƙon kakata."

Bai ko motsa ba. "Ɗan lakwal, kakar taka tana da farin jini."

Na gyara murya na faɗi sunan Baba cikakke, da na mahaifinsa, da ma'aikatar da yake aiki, har da ƙofar da yake shiga.

"Suna mai daɗi," in ji shi. "Allah ya ja kwana. Sai dai ni ba a ba ni suna ba, to me zan yi da shi?"

Ya tofar da goro ya ba ni labari. "Na ce, Iya, wa zan ba? Ta ce mutumin Yamai. Na ce, Iya, Yamai fa cike take da mutane. Ta ce ai shi ma ya sani. Na ce sunansa nake so. Ta ja mayafi ta rufe baki tana kallon ƙasa, kamar na zage ta. Nan na gane ɗan fari ne, don uwata ma haka take yi da yayana. Sai ta ba ni alamu. Wanda ya cika su, buhu nasa ne. Kuma ka sani, buhun nan ya tsufar da ni. Kowane shinge jandarma sai sun caka masa ƙarfe su ce hatsin wa ka ɗauko. In ce na wani ne. Wane? In ce ban sani ba. A Dosso saura ƙiris su rufe ni, sun ce ina yi wa hukuma ba'a."

"To tambaye ni, Kawu."

"Uban naka dogo ne ko gajere?"

"Dogo! In ya tsaya a Maourey yana hango hasumiyar Damagaram."

"Rage kaɗan. Miyar kuɓewa fa?"

"Ko a maƙwabta ake kaɗa ta, sai ya bar unguwar."

Direba ya tashi zaune. Na ga alamar ba wanda ya taɓa kaiwa nan. Ya ce, "Akwai tabo a jikinsa?"

"A bayan kafaɗar hagu!"

Wallahi har ya kama bakin buhun ya fara jawowa. Sai ya ce, kamar abin da ba shi da muhimmanci, "Me ya cije shi?"

Wannan labari kuwa na fi sanin sa fiye da karatun lakwal. Duk salla Baba sai ya ba mu shi, yadda yana yaro yana kiwon awaki kura ta afko, ya tare ta da sanda, ta kama shi a kafaɗa, bai saki sandar ba har ta gudu. Na miƙe tsaye don in ji daɗin bayarwa. A bakina kurar ta kai girman maraƙi, idanunta kamar fitilun wannan kamiyo, ta zo da ƙannenta biyu suna jiran rabo. Na nuna yadda Baba ya shaƙe ta, na nuna yadda ta yi kuka. Masu shayi suka taso suna kallo, har wani ya tafa.

Da na gama, direba ya mayar da buhun inda yake, ya kwanta, ya ɗora kai.

"Kura," in ji shi.

"Kura, Kawu."

"To Allah ya kiyaye gaba. Ni mutumina jaki ne ya cije shi."

"Ubana? Jaki?"

"Ban ce ubanka ba. Ubanka na kura ne. Ni mai jaki nake jira, kuma sai na ga tabon da idona. Gobe bayan la'asar zan juya. In bai zo ba, buhu ya koma wa mai shi. Amana ce, samari, ba na wasa da ita."

Na roƙe shi, na ce masa akwai mai jego da jaririya. Ya ce duk waɗanda suka zo kafin ni ma matansu sun haihu, wani har tagwaye.

Da magariba, muna zaune a tsakar gida, na kwashe duka na faɗa. Ina kaiwa kan jaki, sai muka ji wani sauti daga ɗakin Inna. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, ta farko tun da ta haihu. Tana riƙe da ciki tana cewa, "Wayyo, Hajiya, hana shi, zan mutu!" Hajiya ta cusa bakin zane a baki, kafaɗunta na rawa. A nan na gane Inna ta daɗe da sani, tun tana amarya Kaka ta gaya mata.

Baba ya ajiye cokali. "Direban nan bai san dabbobi ba."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Gobe zan rubuta masa takarda, in buga tambarin biro."

Hajiya ta ce, "Ɗan nan, tambarin da yake nema yana kafaɗarka."

Baba ya ce shi babban mutum ne, ba zai tuɓe riga a tasha ba, a gaban ƴan kamasho da masu tallar ƙosai, ko da geron na zinariya ne. Yana cikin faɗar haka jaririya ta farka. Inna ta sa ta a nono, ta ja, ta ja, ta saki. Kukan da ta yi a wannan karon ba irin mai tada unguwa ba ne, siriri ne, na wanda ya gaji. Inna ta daina dariya. Baba ya daɗe yana kallon labulen ɗakin.

Da safe yana ɗaura karabat a wuya ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "In an tashi na rana, ka jira ni a bakin biro."

Muka shiga tasha a kan mobilet, rana a tsakiyar ka, Baba cikin kwat ɗinsa na aiki, takalma na ƙyalli. Mai shayi yana hango ni ya yi kira, "Ga jika ya kawo uban!" Nan da nan tasha ta taru. Direba ya fito daga ƙarƙashin mota, ya dubi tsawon Baba daga ƙasa har sama, ya russuna ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, mu zagaya bayan mota."

Amma tasha ba ta da bayan mota. Yara sun hau kan lodi, masu talla sun ajiye farantai, wata mai sayar da ganyen kwaɗo ta kawo kujerarta ta zauna sosai. Baba ya cire kwat ya miƙo mini. Ya kwance karabat ya miƙo mini. Ya ɓalle maɓallan riga ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai fatan a yi juyin mulki kafin ya kai na ƙarshe. Ya juya baya. Direba ya matso ya duba.

"Tabo ya yi, ranka ya daɗe. Ka gafarce ni, saura in ji daga bakinka. Me ya cije ka?"

Baba ya dube ni. Ya dubi sama. Ya dubi buhun.

"Jaki ne."

Tasha ta yi tsit, ƙudajen fatu kaɗai ake ji.

"Amma ƙato ne," in ji Baba. "Kuma ya haukace. Duk unguwa ta san shi."

Direba ya gyaɗa kai da gaske ya ce, "Ai jakin Damagaram ya fi kurar wani gari."

Sai ihu ya ɓarke. "Ɗan tsohuwa ya bayyana!" Mai shayi yana buga cokali a kofi, mai ganye ta rangaɗa guɗa, wani daga cikin ƴaƴan ƙarya na jiya ya zo ya ba Baba hannu yana ce masa yaya. Baba da kansa ya yi dariya, yana rufe baki da tafin hannu. Direba ya nuna shi da yatsa ya ce, "Wannan ma ta faɗa! Ta ce in yana dariya rufe baki yake, tun yana yaro."

Da ya jawo buhun, ya rage murya ya ce, "Akwai saƙon baki. Ta ce geron tsoho ne, na ƙasan rumbu, ta ajiye tun shekarun da ake samu. Ta ce a dama wa ƴar mutane. Ta ce in gaya wa wancan ruwa bai zo ba, amma suna nan, kada ya sa a ransa."

Baba ya zura hannu ta wata huda da ƙarfen jandarma ya yi, wadda direba ya toshe da tsumma. Ya fito da ƴan ƙwayoyi a tafinsa, ya tsaya yana kallo, rigarsa a buɗe. Ni na tuna masa maɓalli.

Aka ɗaure buhun a wurin zamana, Baba ya ja mobilet, ni na biyo a ƙasa da gudu, ina tare hudojin da hulata. Tun daga tasha har Maourey ba ƙwaya ɗaya da ta taɓa ƙasa, in ban da waɗanda suka faɗi.

Hajiya ta farke ɗinkin. Gero ne wajen rabin buhu, a tsakiyarsa ƙullin kanwa ungurnu, da citta, da kanumfari, da yajin jego a cikin gwangwani, da daddawa wadda ta yi kokawa da warin fatu a hanya ta kuma yi nasara. Ta surfa, ta wanke har ta gaji da wankewa. Da taɓarya ta fara sauka, matan maƙwabta suka gane sautin, don gero a turmi ba ya kama da dawa. Suka shigo taya daka, kowace ta fita da ɗan abin da tafi ya ɗauka, don saƙon gida ba a cinye shi a ɓoye.

Aka dama kunu da kauri, yana tururi, ƙanshin kanwa da citta ya cika gida. Inna ta karɓi ƙwarya da hannu biyu. Ta kurɓa, muka zuba ido. Ta sake kurɓa. Ta shanye, gumi yana zuba mata har wuya, ta miƙa ƙwaryar ta ce a ƙara. Ni aka ba ni tukunya in kankare, na kankare ta har sai da Hajiya ta ƙwace, ta ce aron ta aka yi.

Ba a ranar nonon ya kawo ba, kada in yi muku ƙarya, ko da yake na iya. Sai da aka kwana biyu ana damawa safe da yamma. Wata ranar Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina gyara ƙwallona, na ji wani abu ya canja, na rasa mene ne. Baba ya fito daga ɗakinsa da rediyo a hannu, shi ma yana waige-waige. Hajiya ta tsaya da guga a bakin randa. Shiru ne. Muka leƙa ɗakin Inna a tsorace. Jaririya ta yi barci a kan nono, bakinta a buɗe, farin ruwa na gangarowa ta gefensa har kunne, cikinta ya yi tim kamar ɗan tulu.

Na buɗe baki zan yi shela, Inna ta zaro mini ido ta nuna ƙofa. Baba ya kama ni ta wuyan riga ya fitar da ni har zaure, yana tafiya da sanɗa, ya kashe rediyon, muka zauna a kan dakali mu biyu muna jin shirun.